Apapa, Lekki, Kwatano, Lome ko Tema: ta ina ya kamata kwantenarka ta shigo?

Duk wanda yake odar kaya daga China ko Dubai ko Turkiyya zuwa Kano ko Maraɗi ko Yamai ya san cewa rabin ribarsa ba a kasuwa ake yanke ta ba, a bakin ruwa ake yanke ta, tun kafin ya ga launin kwantenar da idonsa. Galibi tambayar da muke yi wa ajan, wato mai fitar mana da kaya daga tasha, guda biyu ce kawai, nawa zan biya kuma yaushe kaya zasu fito. Ni kuma ina so mu ƙara ta uku, wato wace irin ɓarna wannan tashar take yi wa iska da ruwa da mutanen da ke zaune a gefenta. Na san wani zai ce malam ina ruwana da teku ni da nake Kantin Kwari, to ka yi haƙuri ka bi ni a hankali, domin a yawancin lokuta tashar da take ɓata lokaci ita ce dai take ƙona mai a banza, kuma kuɗin wannan man daga aljihunka yake fita, hayaƙin kuma ƙirjin wani yake shiga.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Jirgin ruwa ko yana tsaye a waje yana jiran a bashi wurin sauke kaya injinansa basa mutuwa gaba ɗaya, dole ya kunna janaretocinsa saboda wuta da kwantenonin sanyi da ma'aikatan da ke ciki, to duk kwanan da ya yi yana jira mai ne ake ƙonawa ba tare da ya matsa ko taku ɗaya ba. Shi yasa ma'aunin da Bankin Duniya yake fitarwa kan ƙwazon tashoshin kwantena ya dogara ne akan lokacin da jirgi ya ɓata a tasha, daga shigowa zuwa fita. Na biyu girman jirgi, idan jirgi ɗaya ya ɗauko kwantena 14,000 man da zai hau kan kowace kwantena ya fi ƙanƙanta akan na jirgin da ya ɗauko 4,000, amma babban jirgi sai da ruwa mai zurfi. Na uku kuma, wanda ni a gani na ya fi duka muhimmanci garemu mutanen arewa, shine hanyar da ke bayan tashar, domin mu tsakaninmu da teku akwai kilomita 1,000 ko fiye, kuma tirela ta fi jirgin ruwa da jirgin ƙasa shan mai nesa ba kusa ba idan aka raba akan kowane tan na kaya.

Apapa da Tin Can sune gidan jiya, nan aka saba, nan ajan-ajan suka fi yawa, nan kamfanonin jirage kusan duka suke da ofis, kuma idan matsala ta taso ta takarda akwai wanda ya san wanda za a gani. Amma zurfin ruwan wajen mita 13 ne, manyan jiragen zamani basa iya shiga da cikakken lodi, saboda haka kaya da yawa sai an fara sauke su a wata tasha kamar Lome sannan a sake lodawa a ƙaramin jirgi a kawo Legas, kaga an ɗaga kwantena sau biyu an ƙona mai sau biyu an kuma ƙara kwanaki. Sai babbar matsalar, tashar tana tsakiyar gari ne, gari ya riga ya cinye ta ta ko'ina. Wanda ya san Apapa tsakanin 2017 zuwa 2020 ya san yadda tireloli da tankokin mai suke jeruwa tun daga kan gada har Ijora har gaba, direba ya yi mako biyu ko fiye akan layi, nan zai ci nan zai kwana nan zai yi wanka, da yawansu kuma yaranmu ne daga arewa. A watan Fabrairun 2021 hukumar tashoshin ruwa ta Najeriya, NPA, ta kawo tsarin Eto, wanda sai an kira mota ta intanet kafin ta tunkari tasha, kuma gaskiya an samu sauƙi idan aka kwatanta da wancan lokacin, duk da direbobi basu daina kukan karɓe-karɓen kan hanya ba.

Hayaƙin wannan cunkoso ba ƙaramin abu bane. Wani bincike na Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska a Legas ta jawo mutuwar mutum kusan 11,200 kafin lokacinsu a shekarar 2018 kaɗai, mafi yawansu yara ƴan ƙasa da shekara 5, da asarar kusan dala biliyan 2.1. Ba tasha kaɗai ta jawo wannan ba, akwai motocin gari da janaretoci da masana'antu, amma tsofaffin tirelolin dizal da ke tsaye injin a kunne a Apapa suna da kasonsu a ciki.

Abin da ya sa ban yi watsi da Apapa ba shine dogo. Layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 ya shiga har cikin tashar, kuma an fara jigilar kwantena dashi zuwa Moniya a Ibadan a 2023. Jirgin ƙasa ɗaya yana kwashe abin da tireloli gwammai zasu ɗauka, babu shingen kan hanya, babu faɗuwar mota a Jebba ko Mokwa. Sannan ga tashoshin tsandauri da aka yi mana a arewa, ta Kaduna tun Janairun 2018, ta Dala a Zawaciki Kano a Janairun 2023, ta Funtua a 2024, waɗanda manufarsu shine kwantena ta taso daga bakin ruwa a rufe sai a nan gida kwastan su buɗe ta. Matsalar dai sabon layin bai ƙaraso Kano ba, tsohon siririn layin kuma yau yana aiki gobe ya tsaya, saboda haka kada ka ɗora lissafinka akansa sai ajan ɗinka ya nuna maka jirgin da ya tashi a wannan watan da ake ciki, kada ka yarda da labarin na bara.

Lekki kuma sabuwar amarya ce, Buhari ya ƙaddamar da ita a Janairun 2023, ta ci kusan dala biliyan 1.5, kamfanin China Harbour ne ya gina, reshen kamfanin jiragen ruwa na CMA CGM ne ke tafiyar da sashen kwantena. Zurfinta mita 16.5, kuma tana da irin manyan kurayen nan na bakin ruwa masu zaro kwantena daga jirgi kai tsaye da sauri. A farkon 2024 jirgin CMA CGM Scandola mai tsawon mita 366 wanda ke aiki da iskar gas ya tsaya a can, abin da Apapa ba zata iya karɓa ba. Idan maganar cikin tasha ce kawai, daga jirgi zuwa fili, Lekki ta fi Apapa ba gardama, jirgi baya daɗewa, ba sai an biya ta Lome ba, man da ke kan kowace kwantena ya ragu.

Amma fa ka fito ƙofar tashar ka gani. Babu dogo. Duk abin da ya sauka sai dai tirela ta bi titin Lekki zuwa Epe, ko a ɗora a kwale-kwalen dakon kaya a bi ta ruwa zuwa wasu wuraren a cikin Legas, kuma wannan titin dai shi tankokin matatar Dangote da motocin takin zamani suke bi. Ni abin da nake tsoro kenan, kada a wayi gari an kwashe cunkoson Apapa an kai Ibeju-Lekki. Alherin da ke ciki ga ɗan arewa shine motarka zata iya fita ta Epe zuwa Ijebu-Ode ta kama hanyar Ibadan ba tare da ta kutsa tsakiyar Legas ba, wannan kaɗai yana iya rage kwana. Ta ɓangaren muhalli kuma wurin da aka gina tashar bakin teku ne na masunta, an yashe yashi mai yawa an gina katangar tare igiyar ruwa, kuma Legas ta riga ta san abin da irin wannan katanga take yi, domin waɗanda Turawa suka gina a mashigar tashar Legas tun farkon ƙarni na 20 sune suka tare yashi har Bar Beach ta yi ta zaizayewa shekara da shekaru, sai da aka zo aka yi katangar Eko Atlantic.

Wannan maganar yashin ita ce ta fi damuna a duk lissafin, kuma a Lome ta fi fitowa fili. A gaɓar tekun nan tamu igiyar ruwa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, kullum ba tsayawa. Idan ka gina katanga ta shiga cikin teku sai yashi ya taru a yammacinta, gabas kuma ruwa ya ci gaba da kwashewa babu mai mayarwa. An buɗe tashar Lome a 1968, kafin nan madatsar Akosombo ta Ghana ta riga ta rage yashin da kogin Volta yake kawowa, sai abu biyu suka haɗu. Ƙauyukan da ke gabas da tashar, Baguida, Agbodrafo har zuwa Aneho, teku ta cinye musu gidaje da gonakin kwakwa da maƙabartu, tsohon titin da ya bi gaɓa ma ya tafi cikin ruwa. Haka Kwatano, unguwannin gabas da tasha wajen Akpakpa sun rasa gidaje sai da gwamnati ta jera katangun duwatsu. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓar teku, zaizaya da ambaliya da gurɓata, ta ci wa Benin da Togo da Kodebuwa da Senegal dala biliyan 3.8 a 2017. Mu da muka san yadda zaizayar ƙasa da kwararowar hamada suke raba mutum da gonar gado bai kamata wannan ya zama baƙon labari a wajenmu ba.

Ta fannin aiki kuwa Lome gwana ce. Zurfin sashen kwantena na kamfanin jiragen ruwa na MSC ya haura mita 16, shi yasa ƙaramar ƙasa kamar Togo ta zo ta wuce Legas a yawan kwantena wajajen 2017, domin manyan jirage nan suke juye kaya a rarraba wa maƙwabta. Ga ɗan kasuwar Nijar kuma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Lome ta zama kusan dole. ECOWAS ta sa takunkumi aka rufe iyaka, da aka ɗage a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren amma Nijar ta bar gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya a rufe, sai kaya suka koma bi ta Togo su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji saboda matsalar tsaro. Hanyar ta fi tsawo, mota sai ta jira ayari ya cika, wani lokaci makonni, an kuma sha kai wa direbobi hari. Kaga anan saurin da aka samu a bakin ruwa duk ya narke a hanya, dizal ya ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru, mai sayen shinkafa a Yamai da Maraɗi da Damagaram shi ke biya.

Kwatano ita ce tashar Nijar ta asali, daga can zuwa Yamai ta Parakou da Malanville da Gaya da Dosso kilomita 1,000 da ɗan abu ne, babu wata da ta kai ta kusa. Tun 2018 gwamnatin Benin ta damƙa tafiyar da tashar a hannun mutanen tashar Antwerp ta Beljiyam, an yi gyare-gyare ana kuma faɗaɗa ta. Zurfinta bai kai na Lome ba kuma ita ma a cikin gari take, amma gajartar hanya tana rufe wannan giɓin har da saura. A ra'ayina duk ranar da gadar nan take a buɗe kuma takardu suna tafiya, ɗan Nijar bashi da zaɓin da ya fi Kwatano, ko ta kuɗi ko ta hayaƙi. Kafin ka biya kuɗin jirgi dai ka tabbatar da halin da iyakar take ciki a wannan makon, domin abin siyasa ne yana iya juyawa kayanka suna kan ruwa.

Ga ɗan Najeriya kuwa ni bana ba da shawarar Kwatano ko Lome don kayan da Kano zasu ƙare. Na san tsohuwar al'ada ce, a sauke a can a zagayo ta Maraɗi a shigo ta Jibiya, amma tun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, shinkafa ma haka, kuma kowa ya tuna yadda aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 dukiyar mutane ta lalace a hanya. Ka ƙara ɗaruruwan kilomita, ka ƙara iyakoki biyu, ka ƙara haɗarin kamu, don ka guje wa kuɗin fito, wannan lissafin yanzu baya fita kamar da.

Tema ta Ghana zan wuce ta da sauri ba don bata da kyau ba. Sabon sashenta da aka buɗe a 2019 yana da zurfin mita 16, kurayen da ke jera kwantena a fili da lantarki suke aiki maimakon dizal, kuma tun 2017 Ghana ta koma fitar da kaya ta kwamfuta ba takarda. Ga ƴan uwanmu na zango a Accra da Kumasi da Tamale ita ce tasu kuma sun yi dace. Ga ɗan Yamai tana iya zama madadin Lome idan can ta cushe, sai dai hanyar Burkina ɗin dai zaka bi kuma ta fi nisa. Ga ɗan Kano babu ma maganarta.

Akwai wadda mutanenmu suke mantawa da ita, Onne ta jihar Ribas kusa da Fatakwal. Babu irin cunkoson Legas, jirage daga Asiya suna zuwa, kuma ƴan kasuwar Aba da Onitsha sun daɗe da komawa can. A da matsalar ƴan fashin teku ce take sa kamfanoni ƙara kuɗi, a 2020 an sace ma'aikatan jirgi 130 a mashigin tekun Guinea, amma abin ya ragu sosai bayan shirin tsaron ruwa da aka ƙaddamar a 2021. Wanda kayansa Jos ko Bauchi ko Gombe ko Yola ko Maiduguri zasu je ya kamata ya sa ajan ya buga masa lissafin Onne gefe da gefe da na Legas, ya duba halin titin Enugu zuwa Makurdi a lokacin. Yankin dai dazukan bakin ruwa ne da malalar ɗanyen mai ta riga ta jigata, duk wani yashe hanyar jirgi yana ƙara taɓa masunta.

Sai wani abu da ba a cika tambaya ba, wato ina jirgi yake zubar da dattinsa. Kowane jirgi yana tara baƙin mai da ruwan wanke tanki da shara, kuma yarjejeniyar duniya ta hana jirage gurɓata teku, MARPOL, ta ce tasha ta tanadi wurin karɓa. Idan tasha ta yi sakaci ga abin da ke faruwa: a Agustan 2006 jirgin Probo Koala ya sauke dattin guba a Abidjan aka bi dare aka zubar a unguwanni, mutum fiye da 100,000 suka je asibiti, hukumomi suka ce aƙalla 15 sun mutu. Mu ma an yi mana a Koko da ke jihar Delta ta yanzu a 1988 da gangunan guba daga Italiya. Tun 1 ga Janairun 2020 kuma dokar duniya ta rage sinadarin sulfa a man jirage daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari, wanda ya sauƙaƙa wa mazauna bakin tasha numfashi, amma doka sai da mai dubawa. Jona jirgi da wutar gari ya kashe injinsa yana tasha, wanda ake yi a wasu tashoshin Turai da China da Amurka, a yankinmu ba abu ne da aka saba gani ba, to wutar ma ina take.

To idan ni ne kai Alhaji, ga yadda zan yanke. Kaya masu yawa daga China, kuma kamfanin jirginka yana da layi kai tsaye zuwa Lekki, ɗauki Lekki, amma ka sa a rubuta maka kuɗin mota daga can zuwa Kano tun kafin jirgi ya taso, domin nan ne ake mamayar mutane. Kwantena ɗaya ko biyu, ko kayan haɗaka da wasu, ko kaya masu nauyi da basa sauri kamar tayil da injina da ƙarafa, Apapa ta fi maka musamman idan za a samu dogo ko da zuwa Ibadan ne. Ka kuma nemi a rubuta tashar tsandauri a matsayin inda kaya zasu ƙare a takardar jirgi idan kamfanin ya yarda, saboda kwanakin kyauta da suke bayarwa kafin su fara cajin kuɗin jinkiri basa isar wanda zai kai kwantena Kano ya sauke ya mayar Legas.

Mayar da kwantena wayam ɗin nan ma asara ce da muke yi da hannunmu, mota ta yi kilomita 1,000 tana ƙona dizal ɗin da litarsa ta haura naira 1,000 tana ɗauke da iska, alhali ga riɗi da zoɓo da citta da ƙaro da waken suya jibge a Dawanau suna neman hanyar bakin ruwa. Mai shigo da kaya da mai fitarwa su haɗa kai mota ta koma da lodi, kowa ya rage kuɗi. Mai fitarwa kuma shi ya fi kowa bukatar tasha mai sauri, domin riɗi ko zoɓo idan ya yi makonni a cikin ƙarfe a zafi da laimar Legas zai yi fumfuna ko ƙwari su shiga, sai a koma ana zuba magani fiye da kima, kuma irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015. Saboda haka kafin ka loda ka tambayi ranar da jirgi zai rufe karɓar kaya, ka tambayi ko motarka zata bi ta wurin tantance kayan fitarwa na Lilypond ne ko kai tsaye, kuma kada ka bar Dawanau sai lambar bukin ɗinka, wato shaidar an ware maka wuri a jirgi, tana hannu.